Teburin Ilu, Unguwa Uku

Bayan isha'i, a bakin tasha,
janareto na tari, ƙwai na kuka a mai,
mu biyar kan benci, kowa jaka a ƙafa,
kowa da gajiyar garin da ya baro jiya.

Namadi ya fara, shi da ba ya haƙuri:
"Ku ga Mambila, ku ga yadda girgije
ke saukowa ya kwanta a gonar shayi
kamar tunkiyar da ta gaji da tafiya."
Muka miƙa wuya. Rabin hoton kore shar,
rabin kuwa babban yatsansa ne,
ya tokare tsauni, ya danne saniya.

"Yatsan ma ya je Gembu," in ji Tukur,
"Ilu, haɗa masa nasa, ya sha hanya."

Tukur ɗin fa, mai saro atamfa a Kwatano,
ya goge waya da hannun riga,
ga teku, ga rana na nutsewa ja wur,
ga shi can nesa, rungume da takalmi
kamar wanda ruwan ke bi bashi.
"Ka matsa mana!"
"In matsa? Ni da na tashi a bakin Jakara?
Ruwan da ba a hango ƙarshensa ba ya wasa da ni,
iyakata da ruwa guga da rijiya."

Hajiya Ladidi na jiran motarta ta cika,
ta tura mana tata daga ɗaya bencin:
Lokoja, inda Kwara ta gamu da Binuwai.
"Ta taga na ɗauka, direban bai san Allah ba."
Shi ya sa kogin ya karkace, sama ta zube gefe,
sai wani busasshen kifi a hannun mai talla
ya fito raɗau, shi kaɗai a tsakiya.

Sabitu na da Agadas: yashi kamar an tankaɗe,
da raƙumin da ya lallaɓa rabin sa'a,
da aka zo ɗauka ya juya masa baya.

Ni kuwa Dutsen Zuma gare ni, kusan arba'in,
duk daga kujera ɗaya, duk ana gudu,
ban taɓa cewa a tsaya ba ko sau ɗaya.

Ilu na ta ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi.
Shi bai taɓa wuce Wudil ba, kowa ya sani.
Ya goge hannu, ya zaro wata 'yar waya
mai tsagaggen gilashi, ɗaure da kyauro,
ya ajiye tsakanin burodi da gwangwanin madara,
bai ce uffan ba, ya koma kan wuta.
Ruwa ne kwance, launin zinariya,

balbelu uku, ɗaya ta ɗage ƙafa,
hasumiya ta kifa kanta a cikin ruwan,
da inuwar dabino tana rawar sanyi.
Tukur ya ce Masar ce. Sabitu ya ce Mali.
Namadi ya rantse daga kalanda aka kwafo.
Hajiya ta gyara tabarau ta ce, "Kai Ilu,
wa ya turo maka? Faɗi, ban da ƙarya."

"Kududdufin bayan gidanmu ne, a Hotoro,
ranar Laraba, bayan ruwan asuba.
Na dai ɗan ɗaga hannu, na yanke bola."
Benci ya kusa kifewa don dariya.

Ɗan kamasho ya kwarma: "Jos, saura mutum ɗaya!"
Na zari jaka, na ce a turo mini,
na bar shayina rabi, na bar canjina.

Mun wuce Kwanar Ɗangora ina ta kallonsa.
Na kusa da ni ya leƙo: "Malam, ina ne nan?"
Na ce, "Wani gari ne. Na sha kwana cikinsa,
amma ban taɓa zuwa ba, gaskiya."